Hannun Yaya

A cibiyar koyar da mata sana'a, inda ta shekara ashirin da bakwai tana koyar da saƙa, ba mai kiran ta da sunanta. A gabanta Malama ce. Da ta ba da baya kuwa, sai ta koma Malama Warware. Ɗalibai ne suka laƙaba mata, kuma ba su zalunce ta ba. Mace za ta kwana uku tana fama da hular jariri, ta kawo tana washe baki, Malama ta ɗaga hular saitin taga, ta sauke tabarau zuwa karan hanci, ta ɗora farce a kan ido guda na saƙar da ya ɗan fi 'yan'uwansa faɗi, ta ce, "Warware." Ba ta ɗaga murya, ba ta ɓata rai. Ta faɗa ne kawai ta wuce tebur na gaba.

Gaskiya ita ma hannunta ya isa a yi masa shiru. In ta saƙa abu, kowane ido daidai yake da na kusa da shi, har wani baƙo da ya zo duba cibiyar ya taɓa rantsewa cewa inji ne ya yi. Malama ta ɗauki wannan a matsayin yabo mafi girma da aka taɓa yi mata, tana kuma ba da labarinsa ga kowane sabon aji.

Abu ɗaya ne ba ya shiga ajinta, wato zaren ulun nan da ake rina shi launi-launi a ƙulli guda, kamu ɗaya shuɗi, na gaba fari, na gaba ruwan toka, ya sake zagayowa. Ita ta sa masa suna zaren hawainiya. A cewarta zaren malalata ne, launi ya yi ta rawa a idon mutum har ya kasa ganin ɓarnar da hannu ya yi. Wadda duk ta zo da shi sai ta mayar da shi jaka tun daga bakin ƙofa.

To, a duniya akwai mace ɗaya da ba ta saƙa da komai sai zaren hawainiya, kuma ita ce yayar Malama, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya ta girme ta da shekara huɗu. Ita ce ma ta fara danƙa mata tsinken saƙa a hannu suna yara, ko da yake wannan ba ya cikin labaran da Malama ke ba sabon aji. Yaya irin matan nan ce da ke saƙa baki na aiki. Tana zaune a baranda, tana gaisawa da mai wucewa, tana dariya har zare ya gangara ƙarƙashin kujera, tana jawo shi da ƙafa. Saƙarta nan sako-sako, can a ɗan matse. Shekara arba'in, duk ranar da Malama ta leƙa gidan, kafin ta ajiye jaka ta ɗauki aikin ta ɗaga saitin haske.

"Yaya, kin saki hannu."

"To, Alƙaliya, a yi mini sassauci," in ji Yaya tana dariya.

Dariyar ta yi ta raguwa da shekaru. Daga baya, da Yaya ta ji takun Malama a matakala sai ta tura saƙar ƙarƙashin matashin kujera. Da babu abin gyarawa, sai Malama ta rasa abin faɗa. Ziyara ta koma ta minti goma, a tsaye, jaka a kafaɗa. Tsakanin gidajensu tafiyar bas guda ce, amma sai a yi wata uku ba su ga juna ba, kuma kowacce tana cewa ai lafiya lau suke.

Ranar wata Talata da hantsi Yaya ta faɗi a kicin. Jininta ne ya hau, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ta yi sati uku a asibiti aka dawo da ita gida, aka sa mata gado kusa da tagar falo don ta riƙa ganin titi. Malama ta je dubiya sau huɗu. Kowane zuwa ta gyara zanin gado, ta yi wa masu jinya faɗa a kan yadda suka ninke tawul, ta tafi. Zama ne ba ta iya ba. Ba ta san abin da ake ce wa Yaya ba in Yaya ba ta fara magana ba.

Sai ga Auta, 'yar Yaya ta ƙarshe, mai aiki a kantin magani, ta zo cibiyar da wata jakar yadi a hannu.

"Inna, taimako za ki yi mana. Mama ta hana kowa sakat a kan jakar nan. Kullum nuna ta take da hannun hagu tana gurnani. Mun ba ta, ta rungume tana hawaye. Mayafi ne ta fara, ta kai rabi. Ni na san so take a ƙarasa, kuma duk danginmu wa ya iya in ba ke ba?"

Malama ta zaro shi da yatsu biyu. Zaren hawainiya ne, ba shakka. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba faɗa, sai ta baza shi a tebur, maganar ta tsaya.

Launukan ba su watse ba. Shuɗin ya tashi daga gefe ya hau a karkace, layi bayan layi, ya haɗu da wani shuɗin da ya taho daga ɗaya gefen, suka gitta juna suka wuce. Fari ya bi bayansa, ruwan toka ya cike tsakani. Abin ya fito gida-gida masu kusurwa huɗu, a jere tun daga ƙasa har inda tsinkayen suka tsaya, sai ka ce an zana a takarda kafin a fara. Alhali zare ɗaya ne, ba a yanke ba, ba a ƙulla ba. Ɗalibai suka taso suka kewaye tebur. Wata ta ce, "Kai! Malama, ke kika yi?"

"Dace ne," in ji Malama. "Faɗin mayafin ne ya zo daidai da tsawon rinin. Ko makaho ya samu wannan faɗin haka zai fito masa." Ta juya ga Auta. "Ki ce mata kwana uku."

A ranta kuwa wani abu ne daban. So take ta kai mayafin nan gaban Yaya a gama, ta shimfiɗa, Yaya ta duba ta gyaɗa kai. Ita da ba ta taɓa gyaɗa wa kowa kai ba. Da za a tsare ta a tambaye ta, da ta musa har da rantsuwa.

Da la'asar ta zauna a ɗakinta, ta ƙirga idanun da ke kan tsinke, ta ɗora daga inda Yaya ta tsaya. Layi goma ta yi, kowane ido kamar an auna. Ta baza ta duba. Gidajen sun rushe. Shuɗi ya taru a gefe guda ya yi dabbare, fari ya yi ɗigo-ɗigo a tsakiya, abin ya koma kamar tsumman da aka goge fenti da shi. Ƙasa aikin Yaya mai sako-sako yana zaune da kyansa, sama aikin gwana ya zama abin kunya.

Ba wanda ke ɗakin, don haka ba wanda ya ji ta faɗa wa kanta kalmar. Ta warware.

Dalilin bai ɓuya mata ba, ai malama ce. Hannunta ya fi na Yaya matsewa, kowane ido yana cin zare kaɗan, saboda haka launi yana isowa a makare, ya sauka inda ba gurbinsa ba. Magani mai sauƙi ne, a ƙara kaurin tsinke. Ta ƙara. Layi huɗu suka tafi daidai, ta fara murmushi, a na biyar shuɗin ya zarce gurbinsa ya yi gaba abinsa. Ta warware. Ta ɗauko tef ta auna tsawon kowane launi, ta rubuta a littafi, ta raba da yawan idanu. Lissafi ya fita tsaf a takarda. A kan tsinke kuwa zaren bai san da zancen ba, domin wanda ya rina shi bai yi amfani da tef ba: wani shuɗin ya fi wani tsawo da ɗan yatsa, wani farin ya gaza.

Kwana uku suka zama goma. Zaren wurin ya fara yin gashi saboda yawan warwara. Ta je shagon zare ko za ta samu irinsa ta yi gwaji a gefe, mai shagon ya juya ƙullin a hannu ya ce wannan rinin ya ƙare tun bara.

"Amma Malama, yaushe kika fara saƙa da hawainiya? Ba ke kika ce in daina sayar wa ɗalibanki ba?"

"Na wata ne," ta ce, ta karɓe abinta.

A aji ma abin ya fara nunawa. Wata ɗaliba ta kawo safa mai ido uku a kwance, Malama ta duba ta ce, "Ba laifi," ta wuce. Ɗalibai suka dubi juna. Bayan an tashi suka taru a bakin famfo suna tambayar juna ko Malama ba ta da lafiya.

Rana ta goma sha ɗaya Auta ta bugo waya. "Inna, Mama fa ƙofa take kallo tun safe. Ko ba a gama ba ki kawo ta gani."

Haka Malama ta hau bas da jakar yadi a cinya, tana shirya bayanin da za ta yi. Za ta ce zaren ne ba shi da kyau. Za ta ce aiki ya yi mata yawa a cibiya. Ta shiga falon, ta tarar da Yaya an jingina ta da matasai uku, ta rame, hannun dama na kwance a kan bargo kamar ba nata ba. Idanun ne kawai ba su canza ba. Suka sauka a kan jakar, suka koma kan kujerar roba da ke gefen gado. Malama ta gane, ta zauna. Rabonta da zama a gidan nan har ta manta.

Ta zaro mayafin. Yana nan a rabi, inda aka ba ta shi. Yaya ta dubi mayafin, ta dubi ƙanwarta, ɓarin bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga. Ba a bukatar magana a gane dariya.

"Zaren ne," in ji Malama.

Yaya ta nuna tsinkayen da haɓa.

Ba yadda za ta yi, ta fara saƙa a gabanta. Ba ta yi ido ashirin ba ta ji an mintsine ta a gwiwa. Hannun hagun Yaya ne, kuma da ƙarfinsa.

"Wayyo! Mene ne?"

Yaya ta nuna zaren. Shuɗin layin ƙasa ya ƙare a nan, amma shuɗin da ke hannun Malama da sauransa. Malama ta koma baya ido biyar, ta sake yi, wannan karon ta saki zaren ya ci da yawa. Shuɗin ya ƙare ido ɗaya gaba da na ƙasa. Yaya ta buga katifa sau ɗaya da tafin hannu. Aka ci gaba. Can farin ya zo gajere, yana neman ƙarewa kafin gurbinsa, sai ga mintsini kuma. Malama ta matse hannu, farin ya kai. Katifa ta yi ƙara.

A layi na shida ne abin ya faɗo mata, har tsinkayen suka tsaya a hannunta. Ta jawo rabin da Yaya ta saƙa kusa da tabarau. Ga wurin da ya yi sako-sako, daidai inda launi ya zo da tsawo. Ga wurin da ya matse, daidai inda launi ya gaza. Ba ido ɗaya da aka saki a banza. Ita tana kallon ido, Yaya tana kallon launi, tana bin sa tana lallashi, a ba shi nan a karɓa can, duk tana cikin gaisawa da masu wucewa. Abin da ta shekara arba'in tana kira sakin hannu ke nan.

Kunya ta rufe ta tun daga wuya har kunnuwa. Ya kamata ta ce wani abu, ta san da haka. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Labulen nan naku yana son wanki."

Yaya ta mintsine ta, ko da yake ba ta saƙa komai ba a lokacin.

Daga ranar, da an tashi daga cibiya ƙarfe biyu sai Malama ta hau bas. Auta ta samu ta koma aikinta na yamma. Gwiwar Malama ta hagu ta yi tabo-tabo, har ta fara ninka tawul tana ɗorawa, Yaya ta janye tawul ɗin ta yar. Matsalar ita ce hannun Malama ba ya sakuwa in ta yi shiru. Da ta zuba wa saƙa ido ta haɗe gira, sai yatsun su koma aikin inji. Ta lura in tana amsa wa Auta wata tambaya ne layin ke tafiya lafiya. To, Auta ba ta nan, Yaya ba ta magana. Dole Malama ta fara hira.

Da farko abin tausayi ne. Ta ba da labarin baƙon da ya ce inji ne, Yaya ta rufe ido kamar mai barci. Sai ta koma kan ɗalibai: wadda ta saƙa wa mijinta rigar sanyi hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mijin ya sa ya tafi ofis a haka don kada ranta ya ɓaci. Yaya ta yi wani sauti a maƙogwaro, kafaɗarta ta hagu na rawa. Malama ta ji daɗin da ba ta zata ba. Washegari tun a bas take tattara labari. Ta fara leƙa titi ta taga tana ba da rahoto, wa ya wuce, wa ya sake fentin ƙofa, mai gyaran takalmin tsallake ya yi faɗa da mai wankin mota a kan inuwa. Ta kai har tana kwaikwayon muryoyi. Da labaran titi suka ƙare ta koma na da: ranar da suka warware rigar sanyin babansu don su sami zaren koyo, Yaya ta ce ita kaɗai ta yi, ta sha dukan mutum biyu.

"Ban taɓa ce miki na gode ba," in ji Malama, idonta a kan tsinke. "Ke ma dai ba ki tambaya ba."

Ba mintsini, ba bugun katifa. Ta ɗaga kai ta ga Yaya na kallon taga, hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi. Ta goge mata da gefen mayafin, abin da da ɗaliba ce ta yi da sai ta bar ajin.

Gidajen suka ci gaba da hawa. Mintsini ya ragu daga goma a layi zuwa ɗaya a wuni. Sati biyar da fara zuwanta, ranar wata Asabar da rana, ƙullin ƙarshe ya koma kamar ƙwan kaza, saura layi biyu a rufe baki. Auta na gida. Malama ta miƙe ta shimfiɗa mayafin a kan gadon, daga ƙirjin Yaya har ƙafafu, tsinkayen na rataye a ƙarshensa.

"To, ga shi. Gobe in rufe bakin, ki huta da ganina, ni ma gwiwata ta huta."

Auta ta riƙe baki. "Inna, wallahi ban ga inda Mama ta tsaya kika ɗora ba."

Malama ma ta nema ba ta gani ba, kuma ita ce ta san inda yake. Ta tsaya a gefen gado, hannu a baya, kamar ɗalibar da ta kawo hular jariri. Har ta ji haushin kanta a kan hakan.

Yaya ta ɗauki lokacinta. Ta bi mayafin da hannun hagu tun daga ƙasa, gida bayan gida. Ta kama gefe ta ɗaga saitin taga, ta ƙanƙance ido. Auta ta kawar da kai tana danne dariya, don ta san wa ake kwaikwayo. Hannun ya wuce rabin Yaya, ya shiga rabin Malama, ya yi ta tafiya, sannan ya tsaya kamar kamu biyu kafin ƙarshe. Farce ya sauka a kan wani ido. Bakin Yaya ya yi ta kokawa, leɓen na rawa, jijiyar wuya ta tashi. Kusan wata uku ke nan ba a ji kalma daga gare ta ba.

"War... ware."

Auta ta yi ƙara ta durƙusa a gaban gado. "Mama! Mama ta yi magana! Inna, kin ji?"

Malama ta ji. Ta sauke tabarau zuwa karan hanci ta sunkuya a kan wurin. Shuɗi na gurbinsa. Fari na gurbinsa. Ta duba layin sama, ta duba na ƙasa, ta juya bayan ta duba. Shekara ashirin da bakwai tana farautar kuskure, in akwai shi ko a duhu sai ta kamo shi. Babu komai a wurin. Ta ɗago da bakinta cike da gardama.

Yaya ba mayafin take kallo ba. Kujerar robar take kallo, wadda ƙafafunta suka riga suka yi gurbi a kan dardumar gefen gado. Daga nan ta dubi ƙanwarta, ba ta ƙifta ba.

Auta ta share ido ta leƙo. "Amma ni fa ban ga komai ba a wurin. Lafiya lau yake."

"Ke me kika sani a saƙa?" in ji Malama. "Ga shi nan ƙiri-ƙiri. Na matse hannu."

Ta jawo kujerar ta zauna, ta zare tsinken daga idanun gaba ɗaya, ta kama bakin zaren ta fara ja. Layi ya bi layi yana warwarewa, tana naɗe zaren a ƙulli. Ta iso inda farcen Yaya yake, ba ta tsaya ba, ta wuce shi da kamu guda cur.

"Wannan ma ban yarda da shi ba," ta ce. "Auta, ɗora mana shayi. Yaya, ban gaya miki yadda aka ƙare da mai wankin mota ba."

Yaya ta buga katifa sau ɗaya.